Bi Ruwan Kafin Ka Buɗe Ƙamus: Fassarar Kalmomin Ruwan Ƙazanta Daga Sifaniyanci Zuwa Ingilishi

"Assalamu alaikum Malam. Na karanci Sifaniyanci, kuma shekara biyu ke nan ina fassara wasiƙu da takardun kasuwanci a Abuja. Kwanan nan aka ba ni takardun wani kamfani mai neman kwangilar gina matatar ruwan ƙazanta, aka ce in mayar da su Ingilishi. A ciki akwai bayanin ayyukan da kamfanin ya yi a Sifaniya da Meziko da Chile da Peru. Injiniyan da ya duba aikin ya dawo min da shi, jan biro ko'ina. Ya ce decanter da na sa a gurbin decantador kuskure ne, haka ma sand remover a gurbin desarenador, alhali daga ƙamus na ɗauko. Sannan a wata takarda ina ganin aguas residuales, a wata aguas servidas, a wata kuma aguas negras. Abu ɗaya ne ko daban-daban? Ta ina zan ɓullo wa wannan aiki?"

Wa alaikumus salam ƙanena. In na fahimce ka, tambayarka gida biyu ce: me ya sa kalmar da ƙamus ya ba ka ta kasa wucewa a gaban injiniya, sannan me ya sa abu guda yake da suna uku a takardun kamfani ɗaya. Duka biyun tushensu ɗaya, don haka zan haɗa su.

Ƙamus na gama-gari yana ba ka asalin ma'anar kalma ne. Desarenador kuwa, in ka warware ta, "mai cire yashi" take nufi, ba ka yi ƙarya ba. Sai dai injiniyoyin Madrid da na Manchester ba zama suka yi suka fassara wa juna sunaye ba. Kowane ɓangare ya ga tankinsa ya raɗa masa suna da harshensa. Masu Sifaniyanci sun duba aikin da tankin yake yi, masu Ingilishi suka duba abin da yake taruwa a gindinsa, suka ce grit chamber. Saboda haka aikinka a irin wannan takarda shi ne ka gano wane abu ne ake magana a kai, a ina yake a cikin matata, sannan ka nemo sunan da masu Ingilishi suke kiran wannan abin. Na fi shekara goma ina fassarar takardun ayyukan ruwa, kuma duk kuskuren da na taɓa yi ko na gyara wa wani, in ka bi diddigi, za ka tarar mai fassarar bai ga abin a idon zuciyarsa ba lokacin da yake rubutawa.

Wace ƙasa ce ta rubuta takardar?

Wannan ita ce tambayar da nake fara yi tun ban karanta shafi na biyu ba. Sifaniyanci harshen hukuma ne a ƙasashe kusan 20, har da Ikwatoriyal Gini da ke nan maƙwabtanmu, kuma kowace ƙasa ta gina hukumar ruwanta da dokokinta ita kaɗai. Kalmomin sun bi hukumomin.

Aguas residuales ita ce kalmar da kowa ya yarda da ita, a Sifaniya da Meziko da Kolombiya da Peru, kuma wastewater ce kai tsaye. Aguas servidas ita ce ta yau da kullum a Chile, ana kuma jin ta a Ekwado da Peru da Benezuwela. A Ajantina za ka ga líquidos cloacales, daga cloaca, wato bututun ƙazanta na ƙarƙashin ƙasa. In ruwan gidaje da na gari ake nufi, duk waɗannan za su iya zama wastewater ko sewage, ka zaɓi ɗaya ka riƙe ta har ƙarshen takarda.

Aguas negras ce take son ka tsaya. Mutumin Meziko in ya ce aguas negras, yawanci ɗanyen ruwan ƙazantar gari yake nufi gaba ɗaya, irin wanda birnin Meziko ya shafe fiye da shekara ɗari yana turawa kwarin Mezquital a jihar Hidalgo manoma suna ban-ruwa da shi. Wannan raw sewage ne. Amma in takardar ta shafi bututun cikin gini, kuma ka ga aguas grises a kusa, to an raba ruwan gida biyu ke nan: na masai shi ne aguas negras, wato blackwater, na wanka da wanki da ke bin rariya shi ne aguas grises, wato greywater. Maƙwabciyar kalma ce take gaya maka. In ka sa blackwater inda ake nufin ruwan gari duka, ka rage wa matatar aiki a takarda, domin ruwan masai kaɗan ne daga abin da yake shigowa.

Sunan matatar ma haka. A Sifaniya EDAR ce, estación depuradora de aguas residuales, kuma aikin kansa depuración suke ce masa. A Meziko da Kolombiya da Peru PTAR ce, planta de tratamiento de aguas residuales. A Chile PTAS, saboda servidas ɗin nan. Duk WWTP ne a Ingilishi, wato wastewater treatment plant. Ka kula da ETAP kawai, wadda a Sifaniya matatar ruwan sha ce. Harafi biyu ne tsakaninta da EDAR, kuma ido yana zamewa in dare ya yi.

Misalin da nake ba duk wanda nake koya wa aiki shi ne ramin nan mai murfin ƙarfe da ake gani a tsakiyar titi, wanda ma'aikata suke shiga su duba bututu, manhole a Ingilishi. A Sifaniya pozo de registro ne, a Meziko pozo de visita, a Chile cámara de inspección, a Ajantina boca de registro. A Peru kuwa buzón suke cewa, kalmar da ko'ina akwatin wasiƙa take nufi. Na taɓa karɓar wata fassarar inji in gyara, na tarar an jera mailboxes ɗaruruwa a ƙarƙashin titunan wata unguwa, kowanne da zurfinsa da faɗinsa. Tunda takardunka sun haɗa da Peru, ka nemi wannan kalma tun yau.

Ɓangaren Ingilishin ma ba kansa ɗaya ba. Amurkawa suna cewa wastewater treatment plant da clarifier, mutanen Birtaniya suna cewa sewage treatment works da settlement tank. Tunda a Abuja za a karanta, ka bi rubutun Birtaniya da ma'aunin mita, amma ka tambayi injiniyan wanne ya fi so tsakanin clarifier da settlement tank, domin injiniyoyinmu da yawa littattafan Amurka suka karanta. Ka kuma rarrabe kalmomi uku da suke rikita har masu harshen: sewage shi ne ruwan, sewer shi ne bututun, sewerage shi ne tsarin bututun gaba ɗaya. Alcantarillado ta Sifaniyanci sewerage ce ko sewer system, ba ta taɓa zama sewage.

Bi ruwan tun daga ƙofa

Ban fahimci wannan fanni da gaske ba sai ranar da wani ma'aikaci ya zagaya da ni wata ƙaramar matata a gabashin Sifaniya, tun daga inda ruwan yake shigowa har inda yake fita. Gani ya kori ji. Bari in zagaya da kai kamar yadda ya yi min, domin takardun da ke hannunka ma haka aka jera su: línea de agua, hanyar ruwa, sannan línea de fangos, hanyar laka, wani lokaci da línea de gas.

Ruwan yana zuwa ta colector, babban bututun da yake tara na ƙanana. Trunk sewer ne, ko interceptor in yana tare wasu bututun ya hana su zuba a kogi. In ruwan sama ya yi yawa, rarar tana tsallakewa ta aliviadero, wato overflow. A madatsar ruwa wannan kalmar spillway ce, kada ka kawo ta nan. Takardar Meziko za ta kawo maka cárcamo de bombeo, ramin da ruwa yake taruwa kafin famfo ya ɗaga shi, wet well.

Abu na farko da za ka gani, kuma hancinka zai riga idonka, shi ne rejas: sandunan ƙarfe a jere kamar matsefi, ruwa yana ratsawa, tsummoki da leda da tawul ɗin goge jarirai suna maƙalewa, wani haƙori na inji yana kwaso su sama yana zubawa a kwantena. Wannan mataki a Sifaniya desbaste ne, a Meziko cribado. Ƙamus zai ba ka roughing ko fassarar da ta shafi sassaƙa, amma screening ne, rejas kuma bar screens. Tamices su ne masu ƙananan idanu, fine screens. Abin da aka kwaso screenings ne, da s a ƙarshe.

Sai desarenador ɗinka. Ma'aikacin nan ya ɗebo min abin da yake kwantawa a gindinsa da shebur ya ce in duba. Yashi na ciki, amma akwai tsakuwa, da garin kofi, da ɓawon ƙwai, da 'ya'yan tumatir, da fasassun kwalabe. Wannan tarkace mai nauyi shi masu Ingilishi suke kira grit. Ana cire shi tun da wuri don kada ya cinye famfo ya cike tankuna. A Sifaniya sau da yawa tanki ɗaya ne yake cire shi tare da maiƙo, desarenador-desengrasador, sai ka ce grit and grease removal tank.

Yanzu decantador. Ka ɗauki ruwan kududdufi ka zuba a randa ka bar shi ya kwana, laka ta kwanta, na sama ya washe. Aikinsa ke nan, sai dai shi tanki ne mai da'ira, faɗinsa yakan kai mita 20 ko 30 ko fiye, da gada a samansa tana juyawa a hankali har sai ka ƙura ido za ka san tana motsi, tana jan lakar zuwa tsakiya. Decantador primario shi ne primary clarifier ko primary settlement tank, secundario kuma secondary ko final. A Amurka ta Kudu sau da yawa sedimentador za ka gani, abu ɗaya ne. Abin da ya tayar wa injiniyanka da hankali shi ne, decanter kalma ce mai rai a wannan fanni, amma wani inji daban take nufi: decanter centrifuge, wanda yake juyawa da gudu ya matse ruwa daga laka can a ƙarshen matata. Wanda ya karanta fassararka zai ɗauka kamfanin ya dasa injin matse laka a inda ya kamata a gina tankin kankare. Kuɗinsu ba ɗaya ba, wutar da suke ci ba ɗaya ba. Kuskuren da ya yi kama da daidai ya fi wanda kowa zai yi wa dariya haɗari, domin babu mai tsayawa ya tambaya.

A bakin wannan tanki akwai wani faranti mai haƙora kamar zarto da ya zagaye shi, ruwan da ya washe yana tsiyaya ta tsakaninsu. Sunansa vertedero, wato weir. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Zuciyar matata ita ce reactor biológico, inda ake hura iska ƙwayoyin bakteriya su cinye dattin da ya narke. Hanyar da aka fi amfani da ita ita ce activated sludge, wadda Edward Ardern da William Lockett suka gabatar a 1914 bayan gwajin da suka yi a matatar Davyhulme ta Manchester. A Sifaniya fangos activos ne, a Meziko da Chile da Peru lodos activados, a Ajantina barros activados. Fango da lodo da barro duk taɓo ne a bakin mutumin titi, a matata kuwa sludge ne, kada mud ta shigo. Licor mezcla shi ne mixed liquor, edad del fango shi ne sludge age, recirculación ita ce lakar da ake mayarwa, return activated sludge, purga kuma rarar da ake fitarwa, waste activated sludge a Amurka, surplus a Birtaniya. In ba wannan hanya aka bi ba, za ka iya haɗuwa da lecho bacteriano ko filtro percolador, duka trickling filter, ko biodiscos, rotating biological contactors, ko lagunas de estabilización, waste stabilisation ponds. RAFA da ake gani a takardun Meziko da Peru shi ne UASB, tankin da ba ya buƙatar iska, wanda Gatze Lettinga ya ƙirƙiro a Wageningen ta Holan a shekarun 1970.

A hanyar laka kalma ɗaya ce take yawan kayar da mutane, deshidratación. Dehydration ta asibiti ce da ta busar da abinci. A nan dewatering ce. Abin da yake fitowa daga injin matsewa ana ce masa torta, wato cake, kuma in ka ga sequedad del 25 % ka rubuta 25% dry solids. Ka ga kashi uku cikin huɗu ruwa ne har yanzu, kamar damammiyar ƙasar gini, shi ya sa drying ma ba ta dace ba. Drying sai an zo secado térmico, ko eras de secado da lechos de secado, wato drying beds. Espesador shi ne thickener. A ƙarshe ruwan da aka tace yana iya fita teku ta emisario submarino, sea outfall, ba ɗan aike ba kamar yadda ƙamus zai nuna.

Kalmomi masu fuska biyu

Mu koma vertedero. A Sifaniya wannan kalma ita ce kuma juji, wurin binne shara, landfill. Takarda ɗaya tana iya ɗauke da duka biyun: ruwa yana fita ta vertedero a shafi na 12, laka tana tafiya vertedero a shafi na 40. Akwai daren da na rubuta landfill load a gurbin carga sobre vertedero, har na wuce, sai idona ya koma kan ma'aunin da ke gefe: mita kubik a awa kan kowace mita. Shara ba a auna ta haka. Weir loading rate ne, yawan ruwan da yake tsallake kowace mita ta farantin nan mai haƙora. Tun daga ranar nake karanta ma'auni kafin kalma. A Amurka ta Latin juji na zamani relleno sanitario ne, bola ta sakaka kuwa botadero a Peru, tiradero a Meziko, basural a Ajantina, duka open dump.

Vertido 'yar'uwarta ce. In da izinin hukuma ne, kamar a autorización de vertido, discharge ce, takardar kuma discharge permit. In haɗari ne, tanka ta fashe mai ya malala, spill ce. Kolombiya da Peru suna cewa vertimiento, Meziko da Chile descarga, Ajantina vuelco. Sa spill inda ake nufin discharge daidai yake da ɗora wa kamfani laifin da bai yi ba, a cikin takardar da yake neman aiki da ita.

Gasto kowa ya san kashe kuɗi ce. A bakin injiniyan Meziko kuwa yawan ruwan da yake gudana ne, abin da sauran suke kira caudal, wato flow rate. Gasto medio diario na lita 250 a daƙiƙa ba shi da alaƙa da akawu. Afluente ma reshen kogi ne a labarin ƙasa, amma a matata ruwan da yake shigowa ne, influent, kishiyar efluente.

Saneamiento ta fi su wuya, kuma ita ce nake ɓata wa lokaci. A rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya sanitation ce. A Sifaniya in an ce saneamiento y depuración, bututun tattara ruwan ake nufi da kuma tace shi, sewerage and treatment. In gurɓatacciyar ƙasa ko kogi ake magana, clean-up ce ko remediation. A Peru servicios de saneamiento sun haɗa har da ruwan sha, sannan akwai saneamiento físico legal, wanda daidaita takardun mallakar fili ne, kuma yana fitowa a aikin matata saboda dole a mallaki filin kafin a gina. Sanitario ma haka: autoridad sanitaria hukumar lafiya ce, amma empresas sanitarias a Chile kamfanonin ruwa ne, water utilities, waɗanda Superintendencia de Servicios Sanitarios take sa wa ido. Contaminación kuwa, a yawancin zancen kogi da iska pollution ce. Contamination ta fi zama a ruwan sha da samfur da ƙasa.

Gajerun sunaye da lambobi

Nan ba a jayayya, haddacewa ake yi. DBO5 ita ce BOD5, iskar oksijin da bakteriya suke sha cikin kwana 5 a zafin digiri 20 suna cin dattin ruwa. DQO ita ce COD, ma'aunin dattin ta hanyar sinadari, SST ita ce TSS, dattin da yake yawo a ruwa bai narke ba, NTK ita ce TKN, COT ita ce TOC, NMP ita ce MPN, UFC ita ce CFU. OD ta Sifaniyanci DO ce, haruffan sun juya. SST ɗin nan a babin ma'aikata seguridad y salud en el trabajo ce, lafiya da kariyar ma'aikata. RILes na Chile ruwan dattin masana'antu ne, industrial effluent.

Habitante equivalente, da ake taƙaitawa h-e, population equivalent ne, p.e., wato kwatankwacin dattin da mutum ɗaya yake fitarwa. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 91/271 ta 1991 ta ƙayyade shi a giram 60 na BOD5 a rana, kuma ita ce ta sa iyakar miligiram 25 na BOD5 da 125 na COD a lita ga ruwan da aka tace. An sabunta ta a 2024. Ina amfani da wannan giram 60 wajen bincikar kaina: matatar 50.000 h-e ya kamata ta karɓi kilo 3,000 a rana. In lissafin bai zo kusa ba, ko na yi kuskure ko takardar ce ta yi.

Ka lura da yadda na rubuta 50.000. A Sifaniya da Chile da Ajantina da Kolombiya ɗigo ne yake raba dubbai, waƙafi kuma yake raba ɓarin lamba, don haka 1.500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne, 1,5 kuma ɗaya da rabi. Meziko tana rubutawa kamar Ingilishi. Takardunka sun haɗa duka tsarin biyu, saboda haka kada ka bar kwamfuta ta canza su gaba ɗaya da umarni guda. Billón miliyan sau miliyan ne, trillion. Billion ta Ingilishi mil millones ce. Hectómetro cúbico da 'yan Sifaniya suke so mita kubik miliyan ɗaya ne. Ba na mayar da ma'auni zuwa galan sai an roƙe ni, in kuma an roƙa ina barin na asali a gefe. Matatar Atotonilco ta Hidalgo, alal misali, tana iya ɗaukar mita kubik 35 a daƙiƙa, kusan galan miliyan 800 a rana a lissafin Amurka.

Sunayen doka da hukuma

A nan shawarata ita ce ka bar sunan asali, ka biyo shi da gajeren bayani karo na farko. Kama da wane ba ta wane. Misali mafi kyau shi ne DIA, declaración de impacto ambiental. A Sifaniya, ƙarƙashin doka ta 21/2013, hukumar muhalli ce take fitar da ita bayan ta duba binciken mai aiki, hukunci ce ke nan. A Chile, ƙarƙashin doka ta 19.300 ta 1994, mai aikin ne yake rubuta DIA ya miƙa in aikinsa bai kai na cikakken bincike ba, hukuncin hukuma kuma RCA ne, resolución de calificación ambiental. A Meziko abin da mai aiki yake miƙa wa Semarnat, ma'aikatar muhallinsu, shi ne MIA, manifestación de impacto ambiental. In ka mayar da su duka environmental impact statement, mai karatu ba zai san ko kamfanin ya samu izini ba ko nema kawai ya yi, kuma wannan ne ainihin abin da mai ba da kwangila yake son sani.

Peru tana da iyakoki uku da ba a cakuɗawa: LMP na abin da yake fita daga bututun mai zubarwa, ECA na ingancin kogin ko tekun kansa, VMA na abin da masana'anta ko gidan abinci zai zuba a bututun gari. NOM-001-SEMARNAT-2021 ta Meziko, wadda ta maye gurbin ta 1996, lambarta ba a taɓa ta; ka ce ita ce ƙa'idar da ta iyakance abin da ake zubawa a cuerpos receptores, receiving water bodies. Confederación Hidrográfica del Ebro, wadda aka kafa a 1926, ka bar sunanta ka ƙara Ebro river basin authority. Kada ka ari sunan wata hukumar Amurka ko NESREA, hukumar kare muhalli tamu, ka liƙa wa tasu don mai karatu ya ji daɗi.

Inda nake dubawa, da inda nake tsayawa

Abin da ya fi ƙamus amfani shi ne takarda guda da ƙwararru suka fitar da harsuna biyu. Dokokin Tarayyar Turai suna shafin EUR-Lex, kana iya jera Sifaniyanci da Ingilishi gefe da gefe, IATE kuma rumbun kalmominsu ne. Waɗannan sun fi dacewa da takardun Sifaniya. Don Meziko akwai littattafan MAPAS na Conagua, hukumar ruwan ƙasar, da takardun hukumar iyaka da ruwa ta Amurka da Meziko, IBWC a Ingilishi, CILA a Sifaniyanci, wadda take fitar da yarjejeniyoyinta da harsunan biyu, har da na ruwan ƙazantar Tijuana. Littafin Metcalf da Eddy na injiniyancin ruwan ƙazanta yana da fassarar Sifaniyanci, kuma zanensa kaɗai ya isa makaranta. Kasidun masu ƙera injuna suna taimakawa saboda hoto, amma Ingilishinsu wani lokaci fassarar inji ce, sai ka tabbatar a shafin kamfanin ruwa na Birtaniya ko Amurka.

Ni mai fassara ne, ba injiniya ba, ba kuma lauya ba, kuma aikina yana da iyaka da nake kiyayewa. In na ga lamba da ba ta hau ba a takardar asali, ba na gyara ta da kaina. Ina fassara ta yadda take, in rubuta wa mai aiki a takarda daban cewa a duba shafi kaza. In sashe ya shafi lamuni ko tara ko wanda zai ɗauki alhaki, ina neman lauya ya karanta. In kalma ta ƙi, ina tambayar wanda ya rubuta takardar, in aika masa jimlar da lambar shafi da zaɓi biyu ya nuna ɗaya. Injiniyoyi suna amsa irin wannan tambaya da sauri, domin minti ɗaya take ci musu.

Game da aikin da ke gabanka, ka nemi kamfanin ya turo maka diagrama de flujo na kowace matata, zanen da yake nuna tafiyar ruwa daga tanki zuwa tanki. Ka buga su, ka roƙi injiniyan nan mai jan biro awa ɗaya, ku zauna ya rubuta sunan Ingilishi a kan kowane akwati. Daga nan ka yi teburin kalmomi mai gida huɗu: kalmar Sifaniyanci, ƙasar da ta fito, Ingilishinta, da jimlar da ka gan ta a ciki. In ka samu dama ka nemi izinin shiga matatar Wupa nan Abuja, ka tafi da zanen a hannu, ka tsaya a bakin tankin da ka kira decanter ka kalli gadar tana juyawa. Jimlolin da aguas negras ta fito a ciki kuwa, ka turo min su tare da sunan ƙasar kowace takarda, mu duba su ɗaya bayan ɗaya.